Maganar da Ta Kayar da Todd Akin a Zaɓen Misuri

Assalamu alaikum. Shugaban taro, malamai, iyayenmu mata da ke can baya, ina fatan ana jina. Abu uku zan taɓo: abin da mutumin ya faɗa, dalilin da ya sa maganar ta zama ƙarya, sai kuma yadda ta ƙare masa.

Ranar 19 ga Agusta, 2012, wani gidan talabijin na birnin St. Louis ya saki hira da Todd Akin, ɗan majalisar wakilan Amurka na jam'iyyar Republican, wanda ke neman kujerar sanata a jihar Misuri. Abokiyar karawarsa ita ce Sanata Claire McCaskill ta Democrat, kuma a lokacin masu lissafin siyasa sun sa kujerarta cikin waɗanda suka fi tangal-tangal. Kowa a Misuri ya san Akin ba ya goyon bayan zubar da ciki, da wannan ya yi suna. To, a muhawarar Amurka akwai togaciya uku da ake yawan ja a kansu: idan ran uwa na cikin haɗari, idan fyaɗe aka yi, da idan muharrami ne ya yi cikin. Sai ɗan jarida ya tambaye shi ta biyun. Akin ya ce abin da ya fahimta daga likitoci shi ne da wuya a samu ciki ta fyaɗe, domin idan fyaɗen na hakika ne, jikin mace yana da hanyoyin da yake toshe abin gaba ɗaya.

Jama'a, nan zan daɗe, ku yi haƙuri da ni, don nan ne zuciyar maganar.

Jikin mace ba shi da wannan makullin. Babu shi. Ƙwai ɗaya ne galibi yake fita a wata, kuma idan ya fita yana rayuwa awa 12 zuwa 24. Maniyyi kuwa yana iya zama da ransa a jikinta har kwana 5. Ku haɗa lissafin, kusan kwana 6 ke nan a kowane wata da ciki ke iya shiga. Idan abin ya faɗo cikin waɗannan kwanaki, ƙwan ba ya tambayar ko da yardarta aka yi. Sinadaran jiki ne suke sakin ƙwan bisa jadawalinsu, kuma sun fara aikin tun kwanaki kafin ranar. E, gaskiya ne doguwar damuwa ko yunwa mai tsanani tana iya rikita al'adar mace, ta jinkirta fitar ƙwai. A nan masu wannan ra'ayi suke rataya hujjarsu. Amma firgicin dare ɗaya ba ya mai da ƙwan da ya riga ya fito. Wani bincike da aka buga a 1996 a mujallar likitocin mata da haihuwa ta Amurka ya ƙiyasta cewa kashi 5 cikin 100 na fyaɗen da ake yi wa mata masu shekarun haihuwa yana zama ciki, wato kimanin ciki 32,000 a shekara a Amurka kaɗai. Kuma mutumin nan, ku ji da kyau, a lokacin mamba ne a kwamitin kimiyya na majalisar wakilai. Kwamitin kimiyya fa! Malam na ga kana girgiza kai, wallahi haka ne.

Bari in ɗan ratse, tunda akwai ma'aikatan jinya a nan. Da jiki yana kare kansa, da likitoci ba su riƙa tseren awa 72 ba. Yarinyar da aka yi wa fyaɗe, abin farko asibiti ne, ba zaman sulhu ba. Ana ba ta ƙwayar hana ɗaukar ciki ta gaggawa, irin Postinor da kuka sani, miligiram 1.5 gaba ɗaya, cikin awa 72, kuma gwargwadon saurin sha gwargwadon amfaninta. Aikinta jinkirta fitar ƙwai ne, ba ta zubar da cikin da ya riga ya zauna. Shi ya sa idan ƙwan ya rigaya ya fita, tana iya ƙin aiki. Sai maganin kariya daga cutar ƙanjamau, shi ma a fara cikin awa 72, a sha kwana 28 ba fashi. Inda ake samun matsala a nan ne: a ɓoye yarinya a ɗaki don gudun abin kunya, a yi mata wanka, a wanke tufafin da suke shaida, sai bayan mako biyu a kawo ta. Lokacin bakin alƙalami ya bushe. Awa 72, ku riƙe wannan ko da kun manta sunan Akin.

Ina muka tsaya? Na biyu... a'a, na biyun ne muke ciki. Ga muninta: idan fyaɗen gaske ba ya kawo ciki, ke nan duk wadda ta zo da ciki ta ce fyaɗe aka yi mata, maƙaryaciya ce. Cikin da ke jikinta ya zama shaida a kanta. Wannan ne ya harzuƙa mutane, har da waɗanda suke tare da shi a ƙin zubar da ciki.

Sauran da sauri. Washegari Shugaba Obama ya yi tir da maganar. Mitt Romney, ɗan takarar shugaban ƙasa na jam'iyyar Akin ɗin kansa, ya nemi ya janye. Kwamitin jam'iyyar mai kula da zaɓen sanatoci ya ce ya janye kuɗinsa. Akin ya nemi gafara a tallan talabijin, amma ya ƙi sauka. A Nuwamba McCaskill ta samu kusan kashi 55, shi kusan 39, alhali a rana guda Romney ya ci Misuri da tazarar kusan maki 9. Mutanen jam'iyyarsa ne suka juya masa baya. A Oktoban shekarar, Richard Mourdock, ɗan takarar sanata na Republican a jihar Indiyana, ya ce ko cikin da aka samu ta fyaɗe abu ne da Allah ya nufa, shi ma Joe Donnelly na Democrat ya kayar da shi. Amma a Yunin 2022, da kotun ƙoli ta soke hukuncin 1973 da ya ba da 'yancin zubar da ciki, Misuri ta fara aiki da dokar hani wadda ba ta togace fyaɗe ba. A 2024 kuma masu zaɓen jihar...

Na'am, Hajiya? A miƙa mata abin magana.

Hajiya tana tambaya, mu a Najeriya me doka ta ce. Hajiya, dokar laifuka ta Arewa, sashe na 232, ta hana zubar da ciki sai idan an yi da kyakkyawar niyya don ceton ran uwa, kuma hukuncin yana kaiwa ɗaurin shekara 14. Ta Kudu ma togaciyarta ran uwa ne. Fyaɗe ba ya ciki. Sai dai Najeriya ta amince da yarjejeniyar Maputo ta 2003 kan haƙƙin matan Afirka, wadda sashenta na 14 ya ambaci fyaɗe da cikin muharrami, amma ba a gyara dokokin laifukan sun dace da ita ba. A 2022 gwamnatin Legas ta fitar da ƙa'idoji ga likitoci kan zubar da cikin da doka ta halatta, shugabannin addini suka taso, Gwamna Sanwo-Olu ya dakatar da su cikin 'yan kwanaki. Hukuncin shari'a kuwa, ga malaman fiƙihu nan a gaba, su ne da magana. Abin da ke hannun uwa irinki tun yau, idan Allah ya kiyaye abin ya faru a unguwa, shi ne a kai yarinya babban asibiti a ranar, da tufafin a cikin takarda ba leda ba, don leda tana riƙe danshi ta lalata shaidar, a nemi likita ya rubuta rahoto ya sa hannu da kwanan wata. Shugaban taro yana nuna mini agogo. Akwai wata tambaya a can gefen maza?