Jan Wayar Intanet Daga Wannan Gini Zuwa Wancan

Assalamu alaikum 'yan'uwa na Birnin Kebbi, Argungu da Jega, daga nan Maleshiya nake gaishe ku. Tambayar masu makarantu ce za mu taɓa yau: intanet tana ofishin shugaba, ɗakin kwamfuta yana can ƙarshen haraba, mita 180 tsakani, wace waya za a ja?

Ku dubi wannan da ke hannuna, Cat6 ce, wayar intanet ta jan ƙarfe. Iyakarta mita 100, har da gajerun wayoyin da ke bakinta biyu. In ka zarce, fitilar suwic, akwatin da ke rarraba intanet ga kwamfutoci, za ta iya kamawa, amma gudun ya faɗo daga gigabit (megabit 1,000) zuwa megabit 100, ko ya riƙa ɗaukewa. Kafin ka biya kuɗin kwali, kankare silin waya ɗaya da wuƙa. In cikinsa fari ne, alminiyom ne aka shafa wa jan ƙarfe, mai rubutun CCA ke nan, bar musu kayansu.

To amma ko mita 60 ne, ni ba na son jan ƙarfe tsakanin gini biyu, saboda damina. Ba sai aradu ta faɗa kan wayar ba. Ta sauka kusa kawai, wutar ta bi jan ƙarfen ta cinye suwic na nan da na can. Ga shi kuma sau da yawa ofis yana kan wutar NEPA, ɗakin kwamfuta yana kan sola ko janareta, kowane gini da nasa ƙarfen da aka kafa a ƙasa. Bambancin wutar da ke tsakani ta wayarka zai bi.

Maganin shi ne wayar faiba. Gilashi ce, haske take ɗauka, wuta ba ta bin ta. Nemi faiba irin OS2 ta waje, mara sulken ƙarfe, mai sili huɗu, wadda aka riga aka sa wa kai irin LC, don kada ka nemi injin haɗa faiba. Biyu suna aiki, biyu na ajiya. Sai konbata biyu, masu juya haske zuwa siginar waya, da SFP biyu na LX, 'yan na'urorin da ake soka musu don karɓar faiba, masu kai wa kilomita 10. Auna hanya da tef, ka ƙara mita 15.

Kada ka rataya faibar a iska, ranar Afrilu ta Kebbi ba ta wasa da roba. Haƙa rami mai zurfin santimita 60, zuba yashi, shimfiɗa bututun PVC na milimita 32, manne kowace gaɓa da gam. Kwana mai kaifi ita ke karya faiba, yi lanƙwasa mai faɗi. Ja faibar ta igiyar da ke bakinta, ba ta kan LC ba, wani yana turawa daga baya. Bar igiya ɗaya a ciki don gaba.

Toshe bakin bututun biyu, in ba haka ba ɓera da ruwa su riga ka shiga. In ka haɗa fitila ba ta kama ba, musanya silin biyu a gefe ɗaya tukuna, yawanci nan matsalar take.