Me Ke Fitar da Yaro Daga Ruwa Bayan Ya Iya Ninkaya?

Ku dubi yaron nan da ke bakin tafkin ninkaya, ya rungume hannuwa, haƙora na kaɗawa. Watan Janairu ne a Kaduna, hunturu ya kankama. Dokar gasa ta duniya ta ce ɗumin ruwa ya kasance tsakanin digiri 25 zuwa 28, amma tafkin da ke fili ba ya kaiwa haka da asuba. Daga nan yara da yawa ke sulalewa. Koci, mayar da atisaye zuwa bayan La'asar, lokacin da ruwan ya wuni yana shan rana. Rage shi zuwa minti 40, a motsa jiki na minti 10 a tudu kafin a shiga, tawul da rigar sanyi na jira a gefe.

Abin da ya fi sanyi korar yara shi ne tsayawar lokaci. Wajen shekara 13 zuwa 15 jiki na canjawa, hannu da ƙafa su ƙara tsawo, sai yaro ya yi watanni bai rage ko rabin daƙiƙa ba a mita 50. Wanda yake tsere wa a bara ya zo ya wuce shi. Idan lambar yabo kaɗai ake yi masa magana a kai, zai ga wahalar banza yake sha. A ba kowane yaro ɗan littafinsa, ana rubuta lokacinsa duk bayan mako shida, da yawan bugun hannun da ya yi kafin ya taɓa bango. Wanda ya sauko daga bugu 46 zuwa 42 ya ci gaba, ko da agogo bai nuna ba tukuna.

Kada a ɗaure ɗan shekara 10 a kan salo ɗaya. Ya taɓa na kwaɗo, na rigingine, har da na malam-buɗe-littafi. Maimaita abu guda kullum na kawo gundura da ciwon kafaɗa. A rufe mako da tseren ba-ni-in-ba-ka, mutum huɗu-huɗu.

Iyaye, 'yan mata na buƙatar lokacinsu daban, da mace mai horarwa, da kayan ninkaya masu rufe jiki. Idan babu waɗannan, da wuya su wuce shekarun balaga a ruwa.

Da azumi, ko jarabawar WAEC ta gabato, a rage zuwa sau biyu a mako maimakon a dakatar. Yaron da ya yi wata uku bai jiƙa jiki ba, numfashinsa ke fara gazawa, kuma kunyar a gan shi a baya ce ke hana shi dawowa.