Yadda zafi ke ratsa cunkoson ɗigon mai

Ku ɗauka akwai ruwa tsakanin faranti biyu, na ƙasa da zafi, na sama da sanyi. Ruwan da ya ɗumama yakan yi sauƙi ya tashi sama, mai sanyi ya gangaro ya maye gurbinsa, sai juyawa ta kankama. Henri Bénard ya yi gwajin irin wannan a Faransa a 1900, Lord Rayleigh na Ingila ya fitar da lissafinsa a 1916. Akwai ma'auni mai sunan Rayleigh, wanda ke gwada ƙarfin turin zafi da abin da ke hana ruwan motsi, kuma sai ya haura kusan 1708 kafin ruwan ya motsa.

To, yanzu mu cika ruwan da ƙananan ɗigon mai, kamar yadda suke a cikin man shafawa. Idan ɗigon ba su da yawa, abin da sauƙi, ruwan kauri kawai yake ƙarawa. Amma da sun kai wajen kashi 64 cikin 100, sai wuri ya ƙure. Kowane ɗigo ya matse da maƙwabtansa, har gefensa ya baje. Gaurayen ya daskare ke nan, ba ya gudana sai an tura shi da ƙarfin da ya wuce wani mizani.

A nan kwamfuta ke shigowa, domin gaurayen fari ne fat kamar madara, ido ba ya ganin cikinsa. Masu bincike kan yanka wurin gida-gida ƙanana, su yi amfani da dabarar latis Boltzmann, inda kowane gida ke miƙa wa na kusa da shi motsi da zafi. Aikin na cin lokaci sosai, shi ya sa ake ɗora shi kan na'urorin GPU, masu yin lissafi da yawa a lokaci guda. Wahalar ma ita ce siririn ruwan da ke raba ɗigo biyu. In lissafi ya kuskure shi, sai ɗigon su haɗe ba dalili, gwajin ya lalace.

Ga abin da ake gani a allon kwamfutar. Shiru, ba abin da ke motsi, zafi na ratsawa a hankali kamar ta bango. Can sai ɗigo huɗu su yi musayar wuri, na gefensu su samu sarari, kafin ka ce kwabo duk sashen ya zame, zafi ya kwarara sama lokaci guda. Sai kuma a sake cijewa. Ma'aunin Nusselt, wanda ke nuna yawan zafin da ya tsallake, yana nan kusa da 1, wato babu juyawa, sai ya yi tsalle, ya dawo.

A ganina, duk wanda ya tsaya kan matsakaicin adadi kaɗai bai ga wannan tsalle ba, alhali a cikinsa ne ɗigon ke fashewa ko haɗewa.