Kano zuwa Maiduguri: tafiyar awa guda da ke cinye yini

Jama'a masu sauraro, tsakanin filin jirgin saman Malam Aminu Kano da na Maiduguri akwai tazarar kilomita kusan 500 a miƙe. Jirgin fasinja mai gudun kilomita 800 a awa zai iya cin wannan tazara cikin ƙasa da minti 40 a lissafin takarda. A haɗa da gangarawa kan titin tashi, da hawa sama, da sassauta gudu kafin sauka, abin ba ya wuce awa guda. Awa guda fa!

To amma je ka nemi tikiti. Galibi abin da za a ce maka shi ne ka bi ta Abuja. Kano zuwa Abuja kilomita kamar 365 ne, kudu, alhali kai gabas ka nufa. Daga Abuja zuwa Maiduguri kuma kamar 710. Jimilla sama da kilomita 1,000, ninki biyu na tafiyar da ka yi niyya, kuɗin tikiti kuma biyu.

Ina ma a nan abin ya tsaya. Sau da yawa kamfanonin biyu daban ne, tikitin kowa nasa. Ka sauka Abuja, ka tsaya jiran jakarka, ka sake bin layin awon kaya, a sake bincike ka. Idan jirgin farko ya makara da awa biyu, na biyun ya tashi, babu ruwan kamfanin da uzurinka: ko ka biya tarar sauya rana ko ka sayi sabon tikiti, ga kuɗin masauki. A lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, hazo kan rufe sararin Arewa har matuƙi ya kasa hango titin sauka, a ɗage tashi ko a soke. Mai sauka biyu haɗarin makalewarsa biyu ne. Tafiyar awa guda ta zama ta yini, wani lokacin har da kwana.

Wai babu fasinja, in ji masu kare wannan tsari. Babu fasinja tsakanin Kantin Kwari na Kano da Kasuwar Monday ta Maiduguri? A leƙa tashar mota da asuba a ga yadda ake cika motoci. Mutanen nan suna bin titi mai kilomita kusan 600, ta Wudil, Azare, Potiskum da Damaturu, suna tsere da rana don kada a rufe ƙofar shiga Maiduguri. Mun san abin da ya faru a Auno, kusa da Maiduguri, a Fabrairun 2020, lokacin da aka kashe matafiyan da dare ya riska a bakin hanya.

Gaskiya ne, babban jirgi mai kujeru 150 zai yi wuyar cika kullum a wannan hanya. To wa ya ce sai shi? Jirgi mai farfela irin ATR 72 kujerunsa kamar 70 ne, gudunsa kilomita 500 a awa, man da yake sha kaɗan ne a gajeren zango. Awa ɗaya da 'yan mintoci ya isa. Ko sau uku a mako aka sa shi, a ranakun da ba sa canzawa, ɗan kasuwa zai tsara tafiyarsa a kai.

Jihohi sun gina filaye a Dutse da Bauchi da Gombe da Birnin Kebbi, amma kusan kowanne Abuja da Legas yake kallo. Jiragen da suka fara sauka a Kano a 1925 daga Masar suka taso, ta gabas suka ɓullo. Bayan shekara 100, mai zuwa gabas sai ya fara yin kudu.