Daula: Kalmar da Asalinta Juyi Ne

Assalamu alaikum. Na baya kuna jina? To madalla. Abu uku zan taɓo game da kalmar daula: asalinta, yadda ta zama sunan mulki, da yadda Bahaushe ya karɓe ta.

Na farko, Larabci ce, daga dalun, wawun, lamun. Ma'anar tushen nan juyawa: abu ya bar hannun wannan ya koma hannun wancan. Kamar adashi, yau kwasar Hajiya, gobe taki. Hajiya na ga kina dariya, ba da ke nake ba. Ku buɗe Ali Imrana aya ta 140, bayan yaƙin Uhudu: "wa tilkal ayyamu nudawiluha bainan nas", kwanakin nan muna jujjuya su tsakanin mutane. Nasara a Badar, rauni a Uhudu. Nudawilu da daula uwa ɗaya uba ɗaya.

Da Abbasiyawa suka kifar da Banu Umayya, gidan da ke riƙe da halifancin Musulunci, a 750, sai suka kira abin daula, wato layi ya zo kanmu. Sannu a hankali sunan ya manne wa mulkin kansa.

Nan nake son ku tsaya, ku tsaya nan! Ibn Khaldun, masanin tarihi haifaffen Tunis a 1332, ya ce daula tana tsufa kamar mutum. Zuriya uku, kowace shekara 40, jimla 120. Kakanni sun sha rana, kansu a haɗe, suka ƙwaci mulki. 'Ya'ya sun ga wahalar da idonsu, amma sun fara son inuwa. Jikoki kuwa a kan shimfiɗar kilishi aka haife su, labarin wahalar ma ba sa son ji, sai hayar mayaƙa da ƙarin haraji. Sai wasu masu yunwa su ɓullo daga ƙauye, a sake sabon lale. A sake lale, na ce.

Na biyu... a'a, na biyun ya wuce. Na uku, Bahaushe dai in ya ce wane yana cikin daula, jin daɗi yake nufi, wato zamanin jikokin ya riƙe.

Na'am, ɗalibi?

"Allah gafarta Malam, Daular Sakkwato daga 1804 zuwa 1903 ce, ba ta kai 120 ba."

Ka iya lissafi! Ai Turawa ne suka zo mata da bindiga daga waje, shi kuwa Ibn Khaldun ruɓewar ciki yake magana. Kuma galibi ya ce, ba doka ba. Abbasiyawan nan da na ambata sai 1258 mayaƙan Mongol suka ci babban birninsu Bagadaza, shekara 500 da ɗoriya ke nan. Miƙa wa na bayanka makirufo, tun ɗazu hannunsa ke sama.