Duniyoyin da ba a gani ba, amma aka auna su

(Lacca ce da aka gabatar wa ɗaliban kimiyya, aka rubuto ta daga rikodin bayan an rage maimaici.)

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaban zama, malamaina, 'yan'uwa ɗalibai, barkanmu da yamma.

An ce in yi magana kan duniyoyin da ke kewaya wasu taurari, ba ranarmu ba. Zan fara da abin da zai ɓata wa wasunku rai. Kyawawan hotunan nan da kuke gani a Facebook, ga duniya shuɗiya da gajimare, ga rana biyu suna faɗuwa, kusan dukkansu zane ne. Wani ne ya zauna a gaban kwamfuta ya ƙaga. Tun a watan Maris na 2022 lissafin hukumar NASA ya haura duniyoyi 5,000 da aka tabbatar, amma waɗanda aka ɗauki hotonsu kai tsaye ba su taka kara sun karya ba, su ma ɗigon haske ne kawai. Dalili kuwa, tauraro yana da hasken kansa, duniya aro take yi. Ranarmu ta fi wannan ƙasa tamu haske kamar sau biliyan 10, don haka daga nesa sai ta shanye ta gaba ɗaya. To ta yaya aka san suna nan, har ake faɗin nauyinsu?

Ana barin duniyar ne a sa wa tauraron ido.

Kun san idan babba ya kama yaro da hannu biyu yana juyi da shi, shi ma babban ba ya tsayuwa cak, yakan ɗan yi tangaɗi? Haka tauraro yake da duniyarsa. Yana janta, ita ma tana jansa, sai ya riƙa ɗan matsowa wajenmu yana komawa. Idan aka tsaga hasken tauraro zuwa launukan bakan gizo, akwai siraran layuka baƙaƙe da ke ciki, kowane sinadari da nasa wurin. Lokacin da tauraron ke tahowa, layukan sukan gusa zuwa ɓangaren shuɗi. Lokacin da yake komawa, su gusa zuwa ja. Gusawar ba ta da yawa ko kaɗan. Mushtari, wadda ta fi duk duniyoyin da ke kewaya ranarmu girma, tana motsa ranarmu da gudun mita 12 da ɗoriya ne a sakan guda. Duniyarmu kuwa santimita 9 kacal.

Da wannan dabara ne Michel Mayor na Jami'ar Geneva da ɗalibinsa Didier Queloz, wanda a lokacin yake karatun digirin digirgir, suka gano wata duniya a 1995. A kudancin Faransa suka yi aikin, da madubin hangen nesa mai faɗin mita 1.93, wanda ko a wancan zamani ba ya cikin manya. Tauraron sunansa 51 Pegasi, nisansa tafiyar haske ta shekara 50. Abin da ya girgiza masana falaki shi ne duniyar ta kai kusan rabin nauyin Mushtari, amma cikin kwana 4 da 'yan awoyi take gama kewayenta. Uɗarid, wadda ta fi kowace duniya kusa da ranarmu, kwana 88 take yi. A ilimin da ake koyarwa a lokacin, ƙatuwar duniya irin wannan ba ta da abin yi a bakin wuta haka. Wasu sun yi ta musu, har sai da masu bincike a Amurka suka auna suka samu abu ɗaya. A 2019 aka ba mutanen biyu kyautar Nobel. Don adalci in ƙara da cewa tun 1992 Aleksander Wolszczan da Dale Frail sun gano duniyoyi a kusa da gawar wani tauraro da ya fashe, sai dai ta 1995 ce ta farko a kusa da tauraro irin ranarmu.

Hanya ta biyu ita ce ta fi kawo yawa, kuma manyanku sun taɓa ganin irinta da idonsu. Wa ya tuna husufin rana na 29 ga Maris 2006, wanda ya ratsa arewa maso yammacin Najeriya da kudancin Nijar? Wata ne ya gifta tsakaninmu da rana. To idan wata duniya ta gifta gaban tauraronta, ɗan ƙaramin husufi ake samu. Ba ya duhu, haske ne ke ɗan raguwa. Mai bincike yana kallon layi a allon kwamfuta: layin ya miƙe sambal, sai ya ɗan lotsa na 'yan awoyi, ya koma daidai. Idan lotsawar ta dawo bayan kwanaki iri ɗaya, da zurfi iri ɗaya, an samu abin bi. Duniya kamar Mushtari takan rage kashi 1 cikin 100 na hasken tauraro irin rana. A 1999 David Charbonneau da abokan aikinsa sun kama irin wannan giftawa a tauraro HD 209458 da madubin da faɗinsa bai wuce santimita 10 ba. Ina so ɗalibanmu su riƙe wannan adadi, saboda masu cewa sai mai biliyoyi ke taɓa ilimin falaki.

Duniya kamar tamu ce ke da wuya. Ragin da take yi bai kai kashi 1 cikin 10,000 ba, sau ɗaya take giftawa a shekara, kuma sai an yi dacen kewayenta ya daidaita da inda muke, wanda damarsa kamar 1 ce cikin 200. Shi ya sa aka harba na'urar Kepler a 2009, ta ƙura wa taurari wajen 150,000 ido a kusurwa guda ta sama. Kafin manta ya ƙare a 2018 ta samo duniyoyi fiye da 2,600. Ita ta nuna cewa nau'in da ya fi yawa a cikin waɗanda aka gano shi ne wanda ya fi duniyarmu girma amma bai kai Naftun ba, wato ɗaya daga cikin manyan duniyoyin ranarmu, alhali a cikin masu kewaya ranarmu babu irinsa ko ɗaya.

Ku lura da daɗin haɗa hanyoyin biyu. Tangaɗi ya ba ka nauyi, giftawa ta ba ka girma. Ka raba nauyi da girma, ka san ko dutse ne ko tarin iska. Haka aka san cewa duniyoyi 7 na tauraron TRAPPIST-1, da aka sanar a 2017, na dutse ne, ko da yake su an samu nauyinsu ne daga yadda suke jan juna suna saɓa lokacin giftawa.

Wani ɗan ratse: a 2019 ƙungiyar masana falaki ta duniya ta ba kowace ƙasa tauraro da duniyarsa ta raɗa musu suna. Najeriya ta sa wa nata tauraron Amadioha, duniyar kuma Equiano.

Yanzu aiki ya koma kan iskar da ke lulluɓe da su. Yayin giftawa, ɗan haske yakan ratsa ta cikin iskar duniyar kafin ya iso mana, kowane sinadari ya cinye launin da ya dace da shi. Madubin James Webb, mai faɗin mita 6.5, wanda aka harba ranar 25 ga Disamba 2021, ya nuna iskar kabon dayoksaid ƙarara a duniyar WASP-39 b a 2022, daga nisan shekarar haske wajen 700. Wannan babu gardama a kai.

Inda nake so ku yi hattara shi ne maganar rai. A 2025 wasu masana na Jami'ar Cambridge sun ce sun ga alamar wani sinadari a duniyar K2-18 b wanda a nan ƙasa ƙananan halittun teku ne suka fi samar da shi. Kafin ka ce kwabo labari ya zama an gano halittu. Wasu masanan suka ɗauki bayanan suka sake lissafi, suka ce alamar ta yi rauni, wasu sinadaran ma za su iya ba da ita. A ganina su ne suka fi hujja a yanzu. Haka kuma idan kun ji an ce duniya tana yankin da za a iya rayuwa, abin da ake nufi kawai nisanta da tauraronta zai iya barin ruwa ya zauna bai daskare ba, bai ƙafe ba. Ba a ce an ga ruwan ba. Proxima b, mafi kusa da mu, shekarar haske 4.2, tana irin wannan yanki, amma tauraronta yana yawan watso wuta, har ana tantamar ko ya bar mata iska.

Shugaba yana nuna mini agogo. Na ga hannaye a baya, sai a miƙa musu makirfo. Wassalamu alaikum.