Amsoshin Tambayoyinku: Me Ya Sa Ƙungiya Ke Tsagewa Bayan Ta Fara Cin Nasara?

Jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka. Tambayarmu ta farko a yau ta fito ne daga wani bawan Allah wanda ya ce sun kafa ƙungiyar neman haƙƙin talakawa, sun sha wuya tare har aka fara sauraronsu, amma yanzu manyansu biyu ko gaisawa ba sa yi. Yana so ya san ko wannan saɓanin aƙida ne, ko kuwa girman kai ne kawai.

To malam, akwai hanyar ganewa. Ka lura da abin da ke faruwa a wurin taro: idan mutum ya ƙi wata shawara yau saboda wane ne ya kawo ta, alhali makon jiya shi da kansa ya faɗi irinta, to ba aƙida yake karewa ba. Girman kai ba ya fitowa da sunansa, sai ya yafa mayafin kishin tafiya. Sau da yawa ma daga ƙaramin abu yake farawa, kamar a manta sunan mutum a jawabin godiya, sai ya daina zuwa taro, daga nan ya buɗe wani zauren WhatsApp da mutanensa, kafin a ankara ƙungiya ta zama biyu.

Manyan ƙungiyoyi ma ba su tsira ba. Ƙungiyar ma'aikata ta Solidarity a ƙasar Poland ta taso ne a 1980 daga yajin aikin masu ƙera jiragen ruwa a Gdansk, ƙarƙashin Lech Walesa, wanda ma'aikacin lantarki ne, kuma ta tara mambobi kusan miliyan 10. Dokar soja da aka ƙaƙaba a Disambar 1981 ba ta kashe ta ba, har a zaɓen 1989 ta lashe kujeru 99 cikin 100 na majalisar dattawa. Amma a 1990 sai ga Walesa da abokin gwagwarmayarsa Tadeusz Mazowiecki suna takarar shugaban ƙasa da juna, daga baya tafiyar ta rarrabu zuwa jam'iyyu da dama. Gaskiya akwai saɓani na haƙiƙa tsakaninsu a kan saurin kawo sauyi, sai dai a ganina tambayar wa ya fi cancanta da kujera ta ƙara rura wutar, kuma abin yana sosa mini rai, domin waɗanda suka kwana a gidan yari saboda tafiyar ba don wannan suka sha wuya ba.

Wata baiwar Allah kuma ta tambaya ko akwai magani. Malama, akwai, amma tun kafin a ci nasara ake shan sa. Ku rubuta wa'adin kowane muƙami, ku riƙa karɓa-karɓa wajen magana da 'yan jarida, kuma a rubuta shawara da sunan taro maimakon sunan mutum. Ella Baker, wadda ta taimaka wajen kafa ƙungiyar ɗalibai ta SNCC mai fafutukar neman haƙƙin baƙar fata a Amurka a 1960, ta dage a kan a raba jagoranci tsakanin mambobi don kada a jingina shi ga mutum guda. Idan kuwa rigima ta riga ta ɓarke, ku nemi dattijon da ba ya neman kujera ya zauna da kowannensu shi kaɗai tukuna, domin mai girman kai ba ya iya janye maganarsa a gaban magoya bayansa.